Ƙwarin Waken Hajiya Zali a Hanyar Parakou

Tun da na dawo daga Parakou ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin rumfata sai ya ce, "Isuhu, wai da gaske ƙwari ka kai Benin cikin kwalba?" Na ba da labarin har bakina ya gaji. Taubashina Illo kuma, wanda muka yi tafiyar tare, yana can bakin tasha yana ba da nasa, kullum da ƙarin gishiri. A nasa labarin har suma na yi a gaban ɗan duwan, wato jami'in kwastan. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ni mai sayar da maganin ƙwari ne a kasuwar Gaya ta Nijar, a rumfar da na gada daga mahaifina. Gari ne fari da ake barbaɗawa cikin wake kafin a ɗinke buhu, don kada ƙwari su huda shi kafin ya yi daraja. Shekara da shekaru mutanen ƙauyukan Yélou da Tounouga wurina suke saye, saboda ina da sauƙin hali. Ba sai ka ɗauki leda guda ba, ina ƙulla maka kaɗan daidai ƙarfinka. Kuma ina gaya wa kowa cewa awon da aka rubuta a jikin ledar na masu almubazzaranci ne, rabinsa ma ya ishi buhu. Da idona na ga rabin yana kashe ƙwari, don haka alfahari nake yi da wannan shawara.

Sai ga shi bara ƙwarin sun fara ƙin mutuwa, bana kuma suka ƙi gaba ɗaya. Hajiya Zali ta Tounouga, wadda ta fi kowa ajiye wake a yankinmu, kuma ita ce shugabar matan da ke wannan sana'a, ta kwance buhunanta ta tarar kowace ƙwayar wake da tagarta. Ranar kasuwa ta zo da tasa cike, ta juye mini a kan tebur a gaban jama'a. Ƙwarin suka watsu suna yawo a kan ledojin maganin kamar gidansu.

Ta ce, "Malam Isuhu, wanga abin da kaka saida muna, magani na ko toka? Na zuba ma ƙwari, sun ci, sun yi ƙiba, sun aihu."

Na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Shi nika ji, shi ya sa ban ce ɓarawo ba, na ce toka."

Magana ta kai gaban sarkin kasuwa. Ya saurare mu, ya yanke cewa kafin sabon wake ya shigo in kawo shaidar cewa ba na gauraya maganina da komai, in ba haka ba in tashi daga rumfar. A rumfar nan Baba ya tsufa, har yanzu ƙusar da yake rataye tazbaharsa tana jikin ginshiƙi. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo, kwana biyu ko abinci ba na jin daɗinsa.

Wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, mai zuwa hira rumfata, shi ya ba ni mafita. Ya ce a Parakou akwai ɗakin gwaji inda ake binciken ƙwarin hatsi, kuma ya san wata ma'aikaciya a can, Madam Bake. Ya rubuta mata wasiƙa da Faransanci, ya ce in tafi da maganina da kuma ƙwarin, da ransu.

Ana gobe tafiya, da hantsi, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ni da matata Rabi, muka zube waken da Hajiya ta juye mini. Kun san halinmu, in za ka kai wa baƙo abu, ko gyaɗa ce sai ka tsince ta. Rabi ta ce, "Kak ka kai ma mutane ramammun ƙwari su ce yunwa aka yi Gaya." Muka ware ƙanana, muka ware masu ɗingishi, muka ware masu kasala. Don in ƙara tabbatarwa, na barbaɗa musu maganin, duk wanda ya kwanta muka share shi, waɗanda suka ci gaba da sintiri su muka zuba a kwalba uku da ɗan wake, muka rufe da ƙyalle. Ƙwari ne da za ka nuna wa kowa ba ka ji kunya ba.

Illo ɗan gwaggona ne, don haka ba ya gaya mini magana mai daɗi tun muna yara. Na ɗauke shi ne saboda yana jin yaren Dendi na mutanen bakin iyaka sosai, yana kuma da guntun Faransancin da ya tsinta a tasha. Ya iso da asuba ɗauke da ƙaramin buhu, wai tsarabar da zai kai wa mai masaukinmu. Na buɗe, sai na ga wake ne, daga cikin lalataccen na Hajiya Zali da ya je ya roƙo.

Na ce, "Illo, wanga za ka kai ma mutum?"

Ya ce, "In an dahwa shi, wa ya san da rami?"

Lokacin gadar da ke tsakaninmu da Benin a buɗe take, da ƙafa muka haye kogi. A ɓangarenmu an san fuskokinmu, aka duba katinmu muka wuce. A ɓangaren Benin, garin Malanville, muka faɗa hannun wani ɗan duwan dogo mai tabarau, yana jin Hausar kasuwa. Ya ɗaga kwalba ɗaya ya kai ta saitin ido, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Menene wannan?"

Na ce, "Ƙwari."

Ya ce ya gani ƙwari ne, abin da yake tambaya shi ne a wane layi zai rubuta su, layin kaya ko layin dabbobi. Kafin in buɗe baki Illo ya riga ni. Ya ce, "Dabbobi na, shef. Wanga da ka gani babban makiyayi na, waɗanga kaɗan na cikin garkenshi."

Ɗan duwan bai ko yi murmushi ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar allurarsu. Na shiga rantse-rantse cewa ni sana'ata kashe su ce, ban taɓa kiwon ƙwaro ba, Allah ya kiyaye. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mai kashe su ne ya zuba musu abinci, ya rufa musu ƙyalle don su sha iska?" Abokan aikinsa suka taso suna leƙe, ɗaya har yana ƙwanƙwasa kwalbar yana gaishe su. Da ƙyar na tuna da wasiƙar. Ya karanta, ya kira Madam Bake a waya, suka yi magana, sannan ya naɗe bakin kowace kwalba da salatef a kan ƙyallen. Ya ce kada in buɗe sai a ɗakin gwaji, domin Benin tana da nata ƙwarin, ba ta neman ƙari. Buhun Illo kuwa ko kallonsa bai yi ba, wake ne kawai.

Daga Malanville muka shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar goro a huhu. Na rungume kwalabena a cinya. Kusa da ni wata mai sayar da busasshen kifi ce, tana ta satar kallonsu, can ta sunkuya ta tambayi Illo da Dendi. Ban ji duka ba, amma na ga ta gyara zama ta ja zanenta daga jikina. Ashe ya gaya mata ni babban boka ne daga Nijar, ƙwarin kuma aikin jawo masu saye ne, kowane ɗaya yana kawo mutum goma. Magana ta zagaya motar. Da muka tsaya wani ƙauye sauke fasinja, direba da kansa ya buɗe mini ƙofar gaba ya ce in dawo can. Ban musa ba, domin ƙafata ta riga ta mutu. Mai kifin ta bi ni har taga tana roƙon in taimaka mata ko da guda biyu. Na ce an naɗe su, ba a buɗewa a hanya. Ta gyaɗa kai cikin girmamawa, wannan ya ƙara tabbatar mata.

A Kandi muka yi sallah muka nemi abinci. Nan na fara ganin mata uku suna daka doya a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya ba ta karo. Aka zubo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da wasu yankuna masu jan baya. Na ɗauka nama ne na ciza da ƙarfi, haƙorana suka haɗu da juna. Ashe cukun Fulanin can ne, wagashi, soya shi suke yi su jefa a miya. Mu a gida nono damawa ake yi a sha da fura, ban taɓa zaton zan ci shi da yaji ba. Ya yi daɗi, sai dai ban gaya wa Illo ba, don shi ya zaɓi wurin. Bayan Kandi ba abin da na riƙe sai manyan motocin auduga da muka yi ta bi a baya, farar audugar tana tashi tana manne wa ciyawar bakin hanya.

Mun shiga Parakou da la'asar sakaliya. 'Yan kabu-kabu, waɗanda a can ake ce wa zem, suka kai mu Zongo, gidan wani Alhaji Buhari da kakansa ya taso daga wajen Dioundiou. Yana Hausa, amma Hausar ta sha ruwan ƙasar, sai ka kasa kunne. Mutanen garin suna da wata ɗabi'a da ta ba ni mamaki: ko tuntuɓe ka yi, ko cokali ya faɗi daga hannunka, sai ka ji mutum uku sun ce maka ka yi a hankali, har wanda ba ka sani ba daga tsallaken titi. A Gaya in ka yi tuntuɓe dariya za a fara yi, in an gama a tambaye ka ko ka ji ciwo.

Illo ya gabatar da tsarabarsa da dogon jawabi. Uwargidan Alhaji ta karɓa da hannu biyu, ta kwance bakin buhun, ta leƙa, ta ɗaure da sauri. Ta yi godiya sosai, ta sa albarka, sannan ta kai shi can ƙarshen gida bayan bandaki ta jingine. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari muka je ɗakin gwajin. Madam Bake gajeriyar mace ce da farar riga da silifa, Hausarta tiryan-tiryan, ta ce a rumfar mahaifiyarta a kasuwar Zongo ta koya. Ta shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, kantoci cike da kwalabe, kowace da ƙwarinta da wakenta da takarda a jiki. Ta ce waɗannan tun kakannin kakanninsu ba su taɓa shaƙar magani ba, da gangan ake ajiye su haka don a riƙa kwatanta wasu da su. Illo ya tsaya ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya buɗe hannuwa, ya ce ashe akwai ƙwarin da suka fi shi gata a duniya.

Na ajiye kwalabena a tebur, ina jin kaina. Ta yanke salatef, ta duba, ta ce kai, waɗannan ƙosassu ne, yaya aka yi na ɗebo su? Na ba ta labarin tabarma daga farko har ƙarshe, har da barbaɗa maganin da share waɗanda suka kwanta. Ina magana tana kallona, da na gama ta jawo kujera ta zauna, ta dafe goshi tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Malam Isuhu, in na ce ina so in san ƙarfin mutanen Gaya, sai ka je filin kokowa ka kwaso mini waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, me zan sani game da Gaya?"

Na ce za ta san muna da 'yan kokowa.

Ta ce, "To shi ke nan abin da kwalabenka za su gaya mini. Ina bukatar ƙwarin buhu yadda suke, da ƙosasshe da ramamme, wanda hannu ya faɗa a kai. Waɗannan ba zan iya aiki da su ba."

Na hango rumfar Baba da wani a zaune a ciki. Komawa Gaya a sake ɗebowa a dawo, kafin nan sabon wake ya shigo. Ina cikin wannan tunani sai Illo ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ko wanda aka kwasa ba a duba ba zai yi. Ya ce nasa da ido rufe ya kwasa, domin Hajiya na tsaye kansa tana zaginsa. Madam Bake ta miƙe tsaye ta ce maza a kawo.

Haka na hau zem na koma Zongo in karɓo kyautar da aka riga aka bayar, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Ina ta shirya kalaman ban haƙuri a hanya. Ban kai rabin bayani ba uwargidan Alhaji ta ɗauko buhun ta ɗora mini a cinya da kanta, ta ce ba komai wallahi, in akwai saura ma a zo a ɗauka. Tun daga ranar Illo yake cewa lalacinsa ne ya ceci gidanmu, kuma ba ni da bakin musu.

Aikin da ta yi na zauna na kalla, domin rumfata ce a kan tebur. Ta jera ƙananan farantan gilashi masu murfi, ta zuba ƙwari adadi ɗaya a kowane, ba ta zaɓa, wanda ya faɗo shi ne. Gwaji biyu ta shirya. Na farko, maganina da wani sabo fil da ta ɓare daga ledarsa, duka a kan ƙwarin ɗakinta. Na biyu, magani ɗaya awo ɗaya, a kan ƙwarin ɗakinta da ƙwarin Hajiya. Wasu farantan ba ta zuba musu komai ba, ta ce don in gajiyar mota ce ta kashe su kada a yaba wa magani. Ko farantin da zai sami wane magani ba ita ta yanke ba, ƙuri'a aka yi da 'yan takardu cikin hular Illo.

Na tambaye ta me ya sa faranti ya yi yawa haka, ai biyu sun isa a gani. Ta ɗauko ƙwarya ta zuba farin wake da ja daidai wa daida, ta cakuɗa, ta ce in damƙo. Na damƙo, fari ya fi yawa. Na sake, ja ya ɗan fi. Ta ce ƙwaryar ba ta canza ba, hannuna ne ke dacewa haka. Don haka in faranti ɗaya ya fi wani gawa, mai yiwuwa dace ne kawai. Sai an maimaita da yawa, sannan a yi lissafi a ga ko bambancin da aka samu irin wanda dace kaɗai ke iya kawowa ne, ko ya fi ƙarfinsa. Na ce wato ko ƙwaro ba a yanke masa hukunci da shaida ɗaya. Ta ce da kasuwarmu ta san haka da ban sha wannan tafiya ba.

Kwana biyu muka jira. Muka zaga babbar kasuwa, Illo ya sayi hular da ta fi kansa, ni kuwa duk inda muka zauna cin abinci sai a kawo shinkafa da wake, in kama juya cokali ina duba ramuka. Har mai abincin ta tambayi Illo ko ɗan'uwansa yana da lafiya.

Rana ta uku muka koma. Ta riga ta ƙirga, ta shigar a na'ura. Ta fara da gwajin farko: maganina da sabon duk sun shimfiɗe ƙwarin ɗakinta, ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce na damƙar hannu a ƙwarya ba. Babu toka, babu gauraye. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na yi hamdala a fili. Sannan ta jawo farantan gwaji na biyu. A gefe ɗaya ƙwarin ɗakinta kwance ƙafafu sama. A ɗaya gefen na Hajiya, da yawansu suna ta kai da komo a cikin garin maganin. Ta ce wannan tazarar ta fi ƙarfin dace nesa ba kusa ba.

Na ce to sabo ne, kamar mai cin barkono, yau da gobe ya daina jin zafi. Ta ce a'a, ƙwaro ɗaya ba ya sabawa, ko ya mutu ko ya rayu. Abin da ke faruwa shi ne tun asali ba ɗaya suke ba, yadda 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama ɗaya. A cikin dubbai akan sami 'yan kaɗan da jikinsu ke jure maganin. In an zuba, sauran su mutu, waɗannan su gaji buhun gaba ɗaya, su auri juna, 'ya'yansu su gado juriyar. Ƙwaron wake kuwa cikin kamar wata guda ya zama kaka a gidansu. Shekara kaɗan sai ka tarar garin duk jikokin masu taurin rai ne.

Na ce ni dai na san Allah ne ya halicci ƙwaro. Ta ce ita ma ba ta ce ƙwaro ya rikiɗe ya zama zomo ba, ƙwaro ne jiya, ƙwaro ne yau, sai dai an tace shi. Ta ce za ta raini 'ya'yan waɗannan ba tare da magani ba ta gwada su, don ta tabbatar gado ne, kuma daga baya ta aiko mini cewa 'ya'yan ma haka suka fito.

Da ta tsaya nan da na dawo gida ina taƙama. Amma ta ci gaba. Ta ce abin da ke hanzarta wannan tacewa shi ne ƙaramin awo. Cikakken awo yana kashe har masu 'yar juriya, rabin awo kuwa ragwaye kawai yake kwashewa ya bar sauran su hayayyafa. Ta ce, "Irin aikin da ka yi a tabarma ne, sai dai wannan a kowane buhu ake yinsa, kowace shekara. Akwai mai gaya wa mutanenku su rage awo?"

Na ce ana dai faɗa a kasuwa.

Illo ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗakin, ya ce, "Madam, ɗan duwan ma ya gane shi tun bakin gada. Makiyayin na gabanki."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na gaya mata gaskiya, da ƙulle-ƙullen da shawarar rabin awo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, ko'ina ana yi, amma in yawancin masu ajiyar yankin wurina suke saye, to hannuna na ciki dumu-dumu. Ta nuna mini wani buhu mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba, mai juriya da marar juriya. Sannan ta rubuta takarda shafi biyu ta buga hatimi, shafin farko a kan maganina, na biyu a kan ƙwarin da dalilinsu.

Muka kama hanyar dawowa. A gada muka sake samun mai tabarau, ya tambaye ni ina dabbobin, na ce na bar su a makaranta. Muna tsakiyar gada Illo ya dafa kafaɗata, abin da bai saba ba. Ya ce, "Sarkin kasuwa toka yat tambaya, shahin hwarko ya amsa mishi. Ni ban ga wani na biyu ba." Na san da gaske yake, domin rumfar ta kawunsa ce. Na ninke shafi na biyu na tura shi can cikin aljihun 'yar ciki.

Ranar kasuwa aka taru a rumfar sarkin kasuwa. Tsohon malamin gona ya karanta shafin farko ya fassara. Sarkin kasuwa ya ce to an ji, magani ba shi da gauraye, Isuhu ya koma rumfarsa. Mutane suka fara miƙo mini hannu. Sai Hajiya Zali ta miƙe, mace da ta girme ni nesa, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna.

Ta ce, "Malam Isuhu, gaban jama'a na ci zarahinka, gaban jama'a nika roƙon ka yahe mini. Ka aje mini na bana, rabi-rabi, yadda kak koya muna."

Da ba ta ƙara wannan ta ƙarshen ba, Allah kaɗai ya san abin da zan yi, don ni ba waliyyi ba ne. Amma na hango buhunanta na bana, da na matan da ke bayanta, ana kwance su da rani ana tarar da ƙwari. Na zaro shafi na biyu na miƙa wa malamin gona, na ce akwai saura. Illo ya ja hularsa ya rufe fuska.

Aka karanta har ƙarshe. Sarkin kasuwa ya shafa gemu, sannan ya ce shi a kan toka ya yi hukunci, kuma ba zai tashi mutumin da ya kawo ƙarar kansa ba. Rumfa tana nan, amma daga yau ba ƙulli, ba rabin awo. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe ba ci sunka yi sunka yi ƙiba ba, kiwonsu kay yi." Ta juya ta tafi.

Na yi zaton na rabu da ita ke nan, kuma da ita za a rasa matan Tounouga duka. Kasuwa ta zagayo, ina zaune ina jera sababbin buhunan leda biyu, irin wanda Madam Bake ta nuna mini, da ko mutum ɗaya bai taya ba, sai ga amalanke ya tsaya a ƙofar rumfata. Mai amalanken ya sauke buhu biyu na wake, ƙwari na tsiyaya ta ɗinkin, ya tsaya ya gyara murya kamar mai shela, don maƙwabta su ji.

Ya ce, "Hajiya Zali na gaishe ka. Ta ce ga dabbobinka, ta gaji da ciyar da su. Ta ce kuma ka aika mata buhunan ga masu leda, na mata duka, amma guda-guda, kak ka raba su biyu."

Na ɗora masa buhunan da hannuna, kowane da ledarsa biyu cif. Waken kuwa kwana uku na yi ina shanya shi a rana bayan gida, Rabi na korar kaji tana dariya.